Hoton zaki ta bayan wayar keji: inda za ka tsaya, da abin da gyara zai iya cetowa

Wani ɗan'uwa daga Agege ne ya aiko da tambaya. Ya sayi kyamarar Canon 700D ta hannu a kasuwar Computer Village da ke Legas, da lens biyu, 18-55mm da 55-250mm. Ya kai iyali wani gidan namun daji a hanyar Lekki zuwa Epe, ya dawo da kati cike da hotuna, amma kusan duka wayar keji ce ta fito tsaf, zakin kuwa dishi-dishi a bayanta. A hotunan macizan da ke cikin gilashi kuma, farar rigarsa ce ta hau kansu. Yana neman manhajar da za ta goge wayar, da yadda ake gyara hoto har ya zama kamar a dawa aka ɗauke shi.

Malam, hotunan da waya ta fito a cikinsu da kaifi, ka haƙura da su. Abin da waya ta rufe, kyamara ba ta gan shi ba, don haka duk manhajar da ta ce za ta goge ƙirƙiro gashi za ta yi ta cike gurbin. A bango ko ciyawa ƙirƙirar takan wuce ba a gane ba. A gezar zaki da gashin bakinsa kuwa nan take asiri ke tonuwa: silin gashi ya taho ya yanke, ya ci gaba a wani wurin daban. Tun ran gini ran zane, a bakin keji ake kawar da waya, kuma lens ɗinka na 55-250 ya isa wannan aikin.

Ka lura da ragar sauro ta taga. Daga tsakiyar ɗaki ita kake gani, amma idan ka kai idonka dab da ita kana kallon titi sai ta ɓace. Dalilin a lens shi ne faɗin ƙofar da haske yake shiga. Idan ka ja zum zuwa 250mm ka buɗe afaca, wato wannan ƙofar, a f/5.6, faɗin ƙofar ya kai kusan milimita 45, wato 250 a raba da 5.6. Wayar raga ba ta cika wuce milimita 3 ba, saboda haka hasken da ya taso daga fuskar zaki yana zagaye ta ta ko'ina ya shiga. Idan kuwa kana 55mm a f/11, inda kyamara kan kai kanta da rana tsaka in ka bar ta a kan otomatik, ƙofar milimita 5 ce kacal, waya ɗaya ta tare fiye da rabinta. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

To, ka juya dayal zuwa Av, inda kai ne ke zaɓar afaca, ka sa f/5.6, ka ja zum tsakanin 200 da 250. Ka matso da lens kusa da waya iya inda doka ta bari, ka daidaita tsakiyarsa da ramin raga, kuma ka fuskanci ragar kai tsaye, domin idan ka karkata ramukan tsukewa suke yi. Saura sharaɗi ɗaya wanda ba ya hannunka: dole dabbar ta kasance nesa da waya. Idan lens yana taƙi ɗaya daga raga, zaki kuma yana mita 5 a ciki, ragar ta tafi. Idan akwai shingen tsaro da ya tsayar da kai mita ɗaya da rabi daga keji, sai zakin ya kai wajen mita 8 zuwa 10, kuma ko a hakan za ta bar ɗan hazo. Idan ya zo ya kwanta jikin waya, ka sauke kyamara ka jira, ko ka ɗauke shi da wayar a sane, ta zama ita ce labarin hoton. Sandunan ƙarfe masu kaurin babban yatsa ba sa narkewa, sai dai ka saita ta tsakaninsu.

Kada neman kusanci ya sa ka tsallake shinge ko ka zura lens cikin keji. Gwaggon biri yana da saurin hannu da ƙarfin da zai fizge kyamara har da igiyar da ke wuyanka, jimina kuma tana saran duk abin da ke ƙyalli.

Wani abu da mutane ba sa kula da shi: wayar da rana ke duka ta fi wadda ke inuwa ɓata hoto nesa ba kusa ba. Farar waya mai sheƙi ko ta narke sai ta shafa wa hoton farin mayafi. Ka zaga ka nemi ɓangaren da bishiya ko rufi ya yi wa inuwa, ko wanda aka shafa wa baƙin fenti. In babu, wanda kuka zo tare ya tsaya ya yi wa wurin inuwa da jikinsa.

Sai fokas. Kyamara tana son abin da ya fi kusa, shi ya sa ta kama waya. 700D tana da ɗigon fokas 9. Ka kashe zaɓin otomatik, ka zaɓi ɗigo ɗaya, ka ɗora shi a kan idon da ya fi kusa da kai. A tsarin fokas, dabbar da ke kwance ka sa One Shot mai kullewa sau ɗaya, mai kai-komo AI Servo mai bin motsi. Idan lens ya nace sai waya, ka fara kama bangon can baya, sannan ka dawo kan dabbar, domin daga baya ya fi saurin samunta. Idan ya ƙi, ka mayar da maɓallin lens zuwa MF, wato fokas da hannu, ka kunna allo, ka ƙara girma sau 5 ko 10 a kan ido, ka murɗa da hannu. Hoton da hanci ya fito ido bai fito ba, babu gyaran da zai tashe shi.

Rabin abin da mutane ke kira rashin fokas a gaskiya girgiza ce. A kyamararka 250mm yana aiki kamar 400mm, saboda ƙaramar sensa, wato farantin da ke karɓar hoton a ciki, tana ninka shi sau 1.6, kuma rawar hannu ma haka take ninkuwa. Ka bar IS, mai rage rawar hannu, a kunne, amma ka sani hannunka yake tsarewa, ba ya tsayar da biri. Ga dabbar da ke kwance saurin ɗauka na 1/400 na daƙiƙa ya yi. Mai tafiya 1/640 zuwa 1/800. Biri mai tsalle ko tsuntsu mai kaɗa fiffike, 1/1600 zuwa sama. Tunda kana Av, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, za ka sayi wannan saurin: 200 zuwa 400 a fili, 800 zuwa 1600 a inuwa, 3200 idan ta kama dole. Kada ka ji tsoron 1600. Yashi-yashin da ISO ke kawowa yana raguwa a gyara, girgiza kuwa ta zauna ke nan.

Mitar haske ta kyamara tana ƙoƙarin mayar da komai ruwan toka. Baƙin biri da ya cika hoto za ta haska shi har ya koɗe, sai ka rage haske a maɓallin +/- da -2/3 ko -1. Farin tsuntsu a gaban ganye mai duhu ma ragewa ake yi, in ba haka ba gashinsa ya ƙone ya zama farin da babu komai a ciki. Dabbar da ke inuwa alhali bangon bayanta yana shan rana, ita ce ake ƙara wa +1. Bayan hotunan farko ka danna INFO ka duba. Wurin da ya ƙone zai riƙa ƙyaftawa. Idan jikin dabbar ne ke ƙyaftawa ka rage, idan wani lungun sama ne ka rabu da shi.

Lokaci ya fi kayan aiki tasiri. A Legas rana tana fitowa tsakanin 6:30 da 7:00 duk shekara, kuma daga 11:00 zuwa 3:00 tana bisa kai: idon dabba ya faɗa cikin inuwa, goshi ya ƙone. Zaki dabba ce da kan shafe awa 16 zuwa 20 a kwance, zafin rana kuma shi ne tsakiyar barcinsa. Daga Agege sai ka yi sammako ka haye gada kafin gosulo, ka kasance cikin waɗanda aka fara buɗe wa ƙofa, ko ka tsaya har bayan la'asar. Ka tambayi masu kula da dabbobin lokacin ba da abinci. Minti 20 kafin nan dabbar take miƙewa, kunne a tsaye, ido a kan ƙofa, kuma nan hoton yake, ba lokacin da ta dulmiya kai cikin nama ba. Ranar da hadari ya lulluɓe sama ba a ruwa, irin ta damina, ta fi kowace rana kyau ga gashi da launi, muddin ba ka sa farar samaniyar a cikin hoton ba. Ka kuma tambayi kuɗin shiga da babbar kyamara tun a ƙofa, wurare da yawa suna karɓarsa daban.

Ga wata matsala ta garin nan: ka fito daga mota mai sanyin AC ka ciro kyamara cikin iska mai laima, nan da nan lens ya yi gumi ciki da waje. Ka bar ta a rufe cikin jaka kamar minti 15 ta saba da zafin waje. A gida kuma kada ka ajiye lens a jakar. Ka samu roba mai murfi da ke rufuwa ruf, ka zuba ƙullin silika mai tsotse laima, domin laimar Legas tana tsirar da fumfuna a cikin gilashin lens, ita ma hazo take sa wa hoto.

Gilashin macizai lissafinsa daban. Rigarka ta fito ne saboda wajen ya fi cikin haske, sai gilashin ya zama madubi. Ka sa tufafi masu duhu, ka kashe filashi, ka goge wurin da hankici, ka manna bakin lens a jikin gilashin a miƙe. Hular lens ta roba, mai lamba 58mm daidai da bakin lens ɗinka, ita ce maganin: tana mannewa ta toshe hasken gefe, ba ta kuma karce gilashi. In babu, baƙar hula ko mayafi a zagaye bakin lens ya wadatar. Ka duba wane 55-250 ne naka. Mai rubutun STM bakinsa ba ya juyawa, kuma yana kama fokas daga santimita 85. Tsohon, mai IS II, bakinsa yana juyawa lokacin fokas kuma sai daga mita 1.1, don haka kada ka danna shi da ƙarfi a jikin gilashi. Idan macijin ya fi haka kusa, ka koma 18-55. Filtar CPL, gilashin da ake ɗaurawa a bakin lens, tana rage ƙyalli idan kana kallon gilashin a karkace, amma tana cinye rabin haske ko fiye, ɗakunan macizai kuma dama duhu gare su. Ni a ganina ba ta biya ba a nan.

Kafin ka danna, ka dubi bayan dabbar fiye da yadda kake duban ita kanta. Bokitin ruwa, bangon siminti, rigar wani yaro ja a ɗaya gefen kejin: taku biyu zuwa hagu ko durƙusawa yakan kawar da su, abin da zai ci maka rabin awa a kwamfuta. Ka sauko daidai tsayin idon dabbar. Kunkuru ko kada da aka ɗauka daga tsaye, bayansa kawai ake gani da ƙasa.

Idan kana son motsa hannu ba tare da wayar keji ba, ka je Lekki Conservation Centre, wadda Nigerian Conservation Foundation ta kafa a 1990. Birai a sake suke a can, ga ɗawisu da kunkuru, amma ƙarƙashin bishiyoyin akwai duhu, za ka koyi ISO dole. Gadar da ake bi ta saman bishiyoyin, mai tsawon mita 401, tana lilo, ba wurin dogon lens ba ce, kuma biran suna warce abin ci daga hannu. Don manyan dabbobi akwai gidan namun daji na Jami'ar Ibadan, wanda ya faro tun 1948, ga jirgin ƙasan Ibadan yana tsayawa a tashar Agege.

Yanzu gyara. Tun a kyamara ka sa RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ko RAW da JPEG tare. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW ɗin kyamararka kuwa 16,384, kuma a wannan ratar ake ceto inuwa da gyara launi ba tare da hoton ya farfashe ba. Kowane fayil ya haura megabait 20, sai ka tanadi kati 32GB ko 64GB. Zan ba da lambobin Lightroom, manhajar gyaran hoto ta Adobe, don shi ya fi yawa a hannun mutane, amma Digital Photo Professional na Canon kyauta ne ga mai kyamararsu, darktable ma kyauta ne, kuma aikin kusan ɗaya ne.

Ka fara da zubarwa. Ka buɗe kowane hoto a girman 100% a kan ido. Wanda idonsa bai fito ba ya tafi, komai kyan tsayuwar. Cikin ɗari idan ka tsira da biyar ka yi kasuwa.

Sai yanka. Hotonka fiksel 5184 ne a 3456. Bugun inci 8 a 12 mai kyau yana son 3600 a 2400, don haka kana da wurin yanke kusan kashi 30 cikin 100 na tsawo da na faɗi, ba fiye ba. Ka bar fili a gefen da dabbar ke kallo, kada kuma ka yanke a kan gaɓa ko ka gutsure kan kunne.

Launi kafin haske. Gilashi mai kauri kore yake sa wa hoto, ganyen bishiya ma yana zuba kore a kan gashi, bangon da aka yi wa fenti kuma yana watsa nasa. Ka ɗauki alƙalamin White Balance ka taɓa wani abu mai ruwan toka da ke cikin haske ɗaya da dabbar, siminti ya fi sauƙin samu. Idan babu, ka tura Tint wajen ja-ja da +8 zuwa +20 har koren ya bar farin gashin haɓa, sannan ka daidaita Temp: wajen 5200 a rana, 6000 a hadari, 7000 a inuwa. Bayan nan Exposure har fuskar ta zauna, Highlights ƙasa da -30 zuwa -60, Shadows sama da +15 zuwa +35. Idan ka kai Shadows +80 hoton zai zama fayau ba zurfi, yashi kuma ya taso daga inuwa.

Nan ne gyara yake biyan ka wahalar da ka sha a bakin keji. Wayar da ta narke ba ta rufe komai ba, baƙin hoton kawai ta wanke ya koma toka-toka, wannan kuwa yana dawowa. Ka riƙe madannin Alt ka ja Blacks hagu har ɗigon baƙi na farko ya bayyana, ka tsaya. Ka ƙara Dehaze +10 zuwa +20. Shi ma hazon hunturu na Disamba da Janairu haka ake masa. Dehaze yana ƙara duhu da kaurin launi, don haka bayansa ka sake duba haske, ka rage Saturation da kamar -5. Idan akwai sauran layi fari-fari da ya ratsa hoton, kada ka yi wa hoton duka magani. Ka ɗauki burushi mai laushin baki sosai, ka shafa a kan layin kaɗai, ka ba shi Dehaze +15, Contrast +10, Exposure -0.2, kana kunnawa kana kashewa har ya saje da maƙwabtansa. Idan wayar koriya ce, ka rage launi a wannan burushin. Wanda launinsa ya ƙi saituwa duk da haka, ka gwada shi a baƙi da fari; fuskar gwaggon biri da fatar kada sukan fi kyau a haka.

Ragar da ke bayan dabba takan bar zane mai kama da saƙa a cikin dishi-dishin baya. Ka sa Lightroom ya keɓe dabbar da Select Subject, ka juya zaɓin ya koma kan baya, ka rage Exposure -0.5 zuwa -0.8, Texture da Clarity -20 zuwa -30. Daga nan ka ƙara girma ka bi gefen geza da kunne. Idan ka ga farin zobe ya kewaye dabbar, ka wuce gona da iri, ka koma baya. A ido, ƙaramin da'ira da Exposure +0.3, iyaka +0.5. Idon da ya fi haka haske na 'yar tsana ne. Koren ganyen damina yakan yi ihu a hoto, ka rage masa kauri da -15 zuwa -25 a sashen launuka. Zaki kuma ruwan ƙasa ne, ba ruwan lemo ba. Yawancin gyaran gangar Auzinawa da ake gani a Facebook daga jan Saturation da Clarity yake.

Rage yashi kafin ƙara kaifi, domin kaifi yana kama yashi ya ƙara fito da shi. A ISO 1600, Luminance 15 zuwa 25 ya isa. Idan ka haura 40 gashi zai narke ya zama kamar roba. Denoise da Adobe ta ƙara a 2023 ya fi tsohuwar hanya kyau ƙwarai, sai dai yana wahalar da ƙaramar kwamfuta. Kaifi: Amount 50, Radius 1.0, Detail 25, sannan ka riƙe Alt ka ja Masking zuwa 60 ko 80, har ya zama gefunan gashi da ido kaɗai ne fari a allon. Nan kaɗai kaifin zai sauka, bayan ya zauna lumui.

Goge ƙaramin abu, kamar guntun leda a ƙasa ko igiya a lungu, ba laifi. Amma batun a ce kamar a dawa aka ɗauka, ka rubuta a ƙarƙashin hoton inda ka ɗauke shi. Manyan gasannin hoton namun daji ba sa karɓar dabbar da ke tsare, kuma wanda ya san zaki yana gane na keji daga jikinsa da ƙasar da yake kwance a kai.

Idan da waya ka ɗauka, wato ta hannu, lens ɗinta ƙanƙane ne, ba ya narkar da raga. Dabarar ita ce ka sa shi daidai cikin ramin ragar a kejin da babu haɗari, irin na tsuntsaye, ka danna ka riƙe a kan dabbar har fokas ya kulle. Ka tsaya a 2x ko 3x na ainihi, zum ɗin yatsa yanka ne kawai. Snapseed kyauta ne: Tune Image don haske, Selective don fuska, Healing don ƙananan tarkace.

Wajen fitarwa ka zaɓi JPEG, sRGB, inganci 85. Don Facebook dogon gefe 2048, don Instagram 1080 a 1350. Wanda za ka kai a buga, ka fitar da shi da cikakken girmansa, ka ɗan ƙara masa haske kamar +0.3 domin takarda ba ta da fitilar allo, ka fara buga ƙarami ka gani kafin babba. Idan ta WhatsApp za ka tura wa mai bugawa, ka tura shi a matsayin fayil ta Document, in ba haka ba manhajar za ta matse shi, silin gashin bakin zakin ya dagule.